Gudun yada ƙanin wani: Yadda ɗan Maraɗi ya tunkari kilomita 42 na Landan da shirin mako goma

Wasu na kiran sa gudun fanfalaki, mu ƴan jarida kuma mun fi son ɗayan sunan, gudun yada ƙanin wani. Na daɗe ina rubuta wannan suna a labaran wasanni ba tare da na tsaya na saurari abin da yake faɗa ba, sai ranar da ƙanin da za a yada ya zama nawa.

A tsakiyar watan Fabrairun 2025, autanmu da ke zaune a birnin Birmingham na Ingila, inda yake aikin raba kaya da mota, ya turo hoto a zauren WhatsApp na gidanmu. Hoton riga ce mai ɗauke da tambarin wata ƙungiyar agaji da ke tallafa wa yara masu ciwon sikila. A ƙasan hoton ya rubuta cewa ranar Lahadi 27 ga Afrilu zai shiga gudun fanfalaki na Landan, kilomita 42 da mita 195, don tara wa ƙungiyar kuɗi. Wanda aka ba gurbin tun farko ya ji rauni ya janye, aka yi wa Auta tayi, nan take ya ce ya karɓa.

Saura mako goma ke nan. Shekararsa 29, kuma rabonsa da gudu tun yana buga balo a filin unguwarmu, yau fiye da shekara goma.

Inna ce ta fara ba da amsa, da saƙon murya: "Auta, wa ya koro ka?" Muka yi dariya. Da ya ce mata saboda marigayiya yayarsa zai yi, wadda sikila ta ɗauke tana da shekara goma sha huɗu, sai zauren ya yi tsit. Washegari Inna ta aiko yaro da jika goma a ɗaure cikin leda, ta ce in aika masa. Daga wannan rana magana ta tashi daga wasa ta zama alƙawari, alƙawari kuwa kaya ne.

Gurbin da ake saye da alƙawari

An fara gudun fanfalaki na Landan a 1981, bisa jagorancin wasu tsofaffin ƴan tsere biyu, Chris Brasher da John Disley. Yau babu wani taron wasa na yini ɗaya a duniya da ya kai shi tara kuɗin agaji a kowace shekara, kuma tun 2019 jimillar abin da aka tara ta haura fam biliyan ɗaya.

Samun gurbi a cikinsa wuya ne. Mutum sama da 840,000 ne suka nemi shiga na 2025 ta hanyar ƙuri'a, alhali waɗanda suka kammala gudun a ranar 56,640 ne. Wannan ya sa mutane da yawa ke bi ta ƙofar ƙungiyoyin agaji. Ƙungiya ce ke sayen gurabe daga masu shirya gasar, ta raba wa waɗanda suka yi alƙawarin tara mata wani adadi, galibi daga fam 2,000 zuwa sama. Fam 2,000 ya kai wajen sefa miliyan ɗaya da rabi.

A nan matsalar take. Wanda ya shiga ta ƙuri'a ya san matsayinsa watanni da yawa kafin ranar, kuma in ya fasa, shi kaɗai ya sani. Wanda ya shiga ta ƙofar agaji sau da yawa ba ɗan tsere ba ne, zuciya ce ta kawo shi, wani lokaci ma a makare. Ya riga ya shelanta wa dangi da abokan aiki, an riga an zuba kuɗi da sunansa. Kafin mako ya zagayo, ƴan'uwanmu na Yamai, da abokansa na Damagaram, da wani kawunmu da ke Beljiyam duk sun sa hannu a asusun Auta. Kowace gudummawa ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, ta kuma ƙara toshe masa hanyar komawa baya.

Akwai wani abu da sai da muka fayyace tun wuri. Wasu daga cikin dangi sun ɗauka kuɗin gida za a kawo su, a raba wa masu sikila na Maraɗi. Auta ya fito ya faɗa a fili cewa ƙungiyar a Ingila take aiki, kuma kuɗin kai tsaye suke shiga asusunta, ba sa bi ta hannunsa. Mutum biyu suka ce in haka ne sun gwammace su bayar a gida, kuma ba wanda ya zarge su. Duk mai shirin irin wannan gudu ya faɗi inda kuɗi za su tafi tun kafin ya karɓi dala ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Wanda bai taɓa yi ba, ba ya gane girman kilomita 42. In kana Yamai, ka shiga filin wasa na Seyni Kountché ka kewaya da'irar gudu ta mita 400 sau ɗaya. Gudun fanfalaki shi ne wannan kewayen sau 105 da rabi. Tsawon ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, lokacin da aka taso daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, kuma a 1921 aka tsayar da shi a matsayin ƙa'ida.

Jadawalin horo da aka saba bai wa sabon shiga yana ɗaukar mako 16 zuwa 20, kuma ana rubuta shi ne don wanda ya riga ya saba da ɗan gudu. Shirin nan da hukumar lafiya ta Birtaniya ke tallatawa don mai farawa daga zaune yana cin mako tara cur kafin ya kai mutum kilomita biyar kacal. Auta yana da mako goma, yana neman ninkin wannan fiye da sau takwas.

Dalilin wannan jan lokaci a jiki yake. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin mako uku ko huɗu mutum zai ji numfashinsa ya daidaita. Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa watanni suke buƙata kafin su yi ƙwari. Sai mutum ya ji ƙirjinsa na ce masa ƙara, alhali ƙwaurinsa da gwiwarsa ba su shirya ba. Yawancin raunin sababbin masu gudu daga nan yake fitowa: nisa mai yawa cikin lokaci kaɗan.

Auta bai tsira daga wannan tarko ba. A makon farko ya fita kwana uku a jere, kowace rana yana neman cika kilomita goma, da tsohon takalmin ƙwallo a kan kwalta, cikin sanyin Fabrairu. A rana ta huɗu ya kasa sauka daga bene sai da ya dafa bango. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, ai mu ƴan Sahel ne, wahala ba baƙuwarmu ba ce." Na ce masa ɗan Sahel ɗin da yake magana a kai shi ne kakanmu da ke takawa gona da ƙafa, ba mai wuni a kujerar mota da na'urar ɗumama ɗaki ba.

Ingila ma ta ga irin wannan. A 2006 wata tauraruwar talabijin mai suna Jade Goody ta shiga gudun Landan don wata ƙungiyar kare yara, ba tare da wani shirin kirki ba. Ta faɗi a wajen kilomita 34, aka wuce da ita asibiti. Niyyarta mai kyau ce, amma jiki bai san niyya ba.

Kafin takalmi, likita

Abin da ya fi damuna ba ƙwaurinsa ba ne, jininsa ne. Gidan da aka haifi mai sikila, iyaye biyun suna ɗauke da ƙwayar halittar cutar, kuma kowane ɗa da suka haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin ɗari na zama AS. Na matsa masa ya je a gwada shi. Sakamako ya fito, AS ne.

Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma akwai manyan ƴan wasa masu irin wannan jini. Sai dai idan aikin ƙarfi mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki, yana cikin haɗarin da ya ɗara na sauran mutane. Wani bincike da mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta wallafa a 2016, kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000, ya gano cewa masu AS ba su fi sauran yawan mutuwa ba, amma haɗarin narkewar tsoka saboda aikin ƙarfi ya fi yawa a wajensu da kimanin kashi 54 cikin ɗari. Narkewar tsoka na iya lalata ƙoda, kuma babbar alamarta fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri. Tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman ƴan wasan babban rukuninta su san matsayin jininsu.

Likitan Auta bai hana shi ba. Ya auna hawan jininsa, ya saurari zuciyarsa, ya tambaye shi ko a danginmu an taɓa yin wanda ya yanke jiki ya mutu yana matashi, ko shi kansa ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yayin motsa jiki. Sannan ya gindaya masa sharaɗi: ban da gudun ƙure ƙarfi, ban da fita da zazzaɓi ko mura mai nauyi, kuma ya rubuta matsayin jininsa a bayan lambar da zai maƙala a ƙirji.

Batun zuciya ma an auna shi. Wani binciken na wannan mujalla a 2012 ya bi diddigin mutum miliyan 10.9 da suka yi cikakken gudun fanfalaki ko rabinsa a Amurka tsakanin 2000 da 2010. An samu tsayawar zuciya sau 59, mutum 42 suka mutu, kuma mafi yawansu maza ne. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda ya faɗa wa, abin da ya fi taimaka masa shi ne a samu na kusa ya fara danna masa ƙirji nan take.

Gudu kaɗan, tafiya kaɗan

Bayan hutun kwana biyar, Auta ya sauya buri. Ya daina zancen awa nawa zai yi, ya koma zancen abu biyu: ya isa layin farawa da ƙafa lafiyayya, ya kuma isa layin ƙarshe kafin wa'adin awa takwas da masu shirya gasar suke bayarwa.

Dabarar da ya ɗauka ba sabuwa ba ce. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a Olamfik ta 1972, shi ya yaɗa ta tun shekarun 1970: a haɗa gudu da tafiya tun daga minti na farko, ba sai an gaji ba. Auta ya fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti ɗaya. Daga baya ya koma gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, kuma a nan ya tsaya har ranar gasar. Ma'aunin saurinsa shi ne magana: in ba zai iya faɗin jimla cikakkiya yana gudu ba, to ya yi sauri da yawa. Sau da yawa ni yake kira don gwajin, ina ofis ina jin takunsa a gefen tsofaffin hanyoyin ruwan da suka ratsa Birmingham.

Sau uku yake fita a mako, ba ya haɗa kwana biyu a jere. Biyu gajeru ne, minti 30 zuwa 45. Na ukun shi ne dogon zango na ƙarshen mako: kilomita 6, sai 8, sai 10, sai 13, sannan ya sauko 10 don jiki ya huta, ya hau 16, ya hau 21, ya tsaya a 25 saura mako biyu. A ƙa'ida, mai shiri sosai yakan kai kilomita 30 ko 32 saura mako uku. Auta ya san bai kai nan ba, kuma ya san ƙoƙarin cike giɓin a makon ƙarshe shi ne hanya mafi sauƙi ta samun tsagewar ƙashi. Mako biyun ƙarshe na rage nisa ne da yawan barci.

Ya sayi takalmin gudu a mako na biyu, mai ɗan sarari a gaban yatsu domin ƙafa na kumbura a doguwar tafiya, kuma da shi ya yi dukkan horon. Dokar da tsofaffin hannu ke maimaitawa ita ce kada a gwada sabon abu ranar gasa, ko takalmi, ko safa, ko abinci.

Sai ga azumi. Watan Ramadan na 2025 ya cinye watan Maris kusan baki ɗaya, wato tsakiyar shirinsa. Ga mai AS, doguwar fita da rana ba ruwa ba abin gwadawa ba ne. Gajerun fitar sai ya mayar da su bayan buɗa-baki da kamar awa biyu, dogon zangon kuma daren Asabar bayan sallar asham, da gorar ruwa a hannu da dabino a aljihu. Ya ce mini abin da ya fi ba shi wuya ba yunwa ba ce, ƙarancin barci ne, don haka a mako na uku na azumi ya soke fita ɗaya gaba ɗaya. Bai rama ta ba, kuma daidai ya yi.

Abubuwa huɗu da ke kayar da mutum

Na farko shi ne abin da masu gudu ke kira bango. Jiki yana da rumbun sukari a tsoka da hanta da bai wuce kalori 2,000 ba, alhali mutum mai nauyin kilo 70 yana ƙona kusan kalori 3,000 a kilomita 42. Shi ya sa a tsakanin kilomita 30 da 35 mutane ke jin ƙafafunsu sun zama kamar an ɗaura musu turmi. Maganinsa a fara a hankali, kuma a riƙa cin abu mai sukari tun daga awa ta farko, gram 30 zuwa 60 a kowace awa. Turawa na shan wani ruwan sukari mai kauri a ƴan ƙananan ledoji. Auta ya gwada, cikinsa ya ƙi, ya koma dabino.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan tarbiyyarmu ta ƙasar zafi na iya yaudarar mu. Mun san ƙishirwa na kisa, ba mu san yawan shan ruwa ma na kisa ba. In mutum ya sha fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa yana tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun Boston na 2002 an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin ɗari da wannan matsala, kuma waɗanda suka haura awa huɗu a hanya suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. A 2007 wani matashi ɗan shekara 22, mai koyar da motsa jiki, ya kammala gudun Landan, sannan ya rasu saboda ita. Mai tafiya a hankali shi ya fi samun damar tsayawa a kowane teburin ruwa, don haka shi ya fi buƙatar kame hannu. A sha in an ji ƙishirwa, kurɓi-kurɓi.

Na uku zafi ne. Gudun Landan mafi zafi a tarihi shi ne na 2018, kuma ma'auni digiri 24 kawai ya nuna. Ɗan Tawa zai yi dariya, don a watan Afrilu mu nan muna haura 40. Amma jikin mai gudu tanderu ne da kansa, kuma wanda ya yi horo cikin hunturun Turai bai saba da ko digiri 20 ba. A wannan shekarar wani mai dafa abinci ɗan shekara 29, gogagge a gudu, ya faɗi a wajen kilomita 36, ya rasu a asibiti.

Na huɗu ƙwaya ce. A 2012 wata mata ƴar shekara 30 da ke gudu don wata ƙungiyar agaji ta faɗi ta rasu saura ƙiris ta kai ƙarshe, kuma binciken kotu ya danganta mutuwarta da wani sinadarin ƙara kuzari mai suna DMAA da ta sha. Wani abokin Auta daga gida ya ba shi shawarar ya haɗiyi tiramol kafin ya tashi, wai ba zai ji komai ba. To rashin jin komai ɗin shi ne haɗarin, domin ciwo ne ke gaya wa mutum ya tsaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramol a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma suna takura ƙoda a doguwar tafiya, balle ga mai AS.

Maganar da ta fi horo wuya

Saura kwana goma, na kira shi na ce akwai abin da nake so mu yi yarjejeniya a kai. In ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya ga tunaninsa na rikicewa, ko tsokarsa ta saki ta ƙi ɗaukar sa, ko wani ciwo a wuri ɗaya na ƙashi da ke ƙaruwa da kowane taku, zai tsaya ya nemi ma'aikatan lafiya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, da wane ido zan kalli mutanen da suka ba da kuɗinsu?"

Wannan tambaya ita ce ainihin haɗarin gudun agaji. Ɗan tsere na gaske yana janyewa daga gasa ba tare da ya ji komai ba, don ya san akwai wata a gaba. Sabon shiga mai ɗauke da sunan mamaci a riga da kuɗin dangi a wuya, kunya ce ke tura shi ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Na tuna masa cewa kuɗin sun riga sun shiga asusun ƙungiyar, ko ya gama ko bai gama ba. Na ce kuma Inna ta riga ta binne ɗiya ɗaya.

A daren nan ya rubuta a zauren gida cewa zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma in jiki ya ƙi zai tsaya, kuma yana neman a yafe masa tun yanzu. Kawunmu na Beljiyam ya amsa da cewa shi dai yara ya bai wa kuɗinsa, bai sayi ƙafar kowa ba.

Ranar Lahadi

A watan Afrilu agogon Landan da na Maraɗi ɗaya ne, don haka muka taru a tsakar gida da waya ɗaya, muna bin sa ta manhajar gasar da ke nuna inda mutum ya kai bayan kowane kilomita biyar. Manyan ƴan tsere sun tashi tun da hantsi. Sabastian Sawe na Kenya ya lashe ɓangaren maza da awa 2 da minti 2 da daƙiƙa 27, Tigst Assefa ta Habasha ta lashe na mata da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 50. Lokacin da Sawe ya gama, Auta bai daɗe da barin Greenwich ba, don yana cikin rukunonin ƙarshe da aka saki.

Ranar ta zo da rana da ɗumi fiye da yadda aka saba. Ya ce mini jarrabawa mafi girma ita ce kilomita biyar na farko: jama'a na ihu, kowa na gudu, shi kuma agogonsa ya buga bayan minti biyu ya ce ya taka. Ya koma gefen hanya, ya ɗaga hannu don na baya su sani, ya taka. Ɗaruruwan mutane suka wuce shi. Da yawansu ya sake ganin su bayan gadar Tower Bridge, wajen kilomita 20, wasu a zaune a bakin hanya.

Daga kilomita 25 ya shiga nisan da ƙafarsa ba ta taɓa sani ba. A unguwar Canary Wharf mai dogayen benaye, wajen kilomita 30, cinyarsa ta dama ta fara ɗaurewa. Ya tsaya a rumfar ma'aikatan lafiya, ya nuna musu abin da ya rubuta a bayan lambarsa. Suka duba shi, suka yi masa tambayoyi, suka ce zai iya ci gaba amma a hankali. A gida mu dai mun ga ɗigon ya daina motsi na kusan minti ashirin. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ce wa kowa komai ba.

Daga nan ya juya lissafin: tafiyar minti biyu, gudun minti ɗaya. Kilomita biyar na ƙarshe, a gefen kogin Thames har zuwa gaban fadar Buckingham, tafiya zalla ya yi. Ya tsallake layi bayan awa 6 da minti 41. Ya tara abin da ya yi alƙawari har da ɗan ƙari. Farcen yatsunsa biyu sun fita, kuma ya yi kwana huɗu yana sauka daga bene da baya-baya.

Ga mai niyya

Labarin Auta ba hujja ba ce cewa mako goma sun isa. Yana da ƙuruciya, ba shi da ƙiba, ya ga likita, ya kuma yi sa'a raunin makon farko bai zama tsagewar ƙashi ba. Shi da kansa ya ce da za a sake yi masa irin wannan tayi, zai roƙi ƙungiyar ta ajiye masa gurbin baɗi, ko ya nemi gudun rabin zango, kilomita 21. Ko ana iya ɗage gurbi ya danganta da ƙa'idar kowace ƙungiya, don haka a tambaya kafin a sa hannu.

Ga na gida da abin ya ba sha'awa, ba dole sai Landan ba, ba kuma dole sai kilomita 42 ba. Gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, yana da ɓangaren kilomita 10. Babban gudun Habasha da Haile Gebrselassie ya assasa a Addis Ababa a 2001 shi ma kilomita 10 ne, kuma dubun dubatar mutane ke shiga. Mako goma sun ishi mai lafiya ya shirya wa wannan nisa da gudu da tafiya. A fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi ƙarfi, a rage fita ranar da hazo ya yi kauri, a zaɓi ƙasa ko jan tsakuwa maimakon kwalta, kuma a san matsayin jini kafin a fara.

Da yammacin ranar, bayan an rataya masa lambar yabo, ya kira gida ta bidiyo yana lulluɓe da wata takardar azurfa da ake ba su don kada sanyi ya kama su. Inna ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallon sa. Ba ta tambayi awa nawa ya yi ba. Ta ce, "Auta, nuna mini ƙafafun." Ya karkata wayar ƙasa. Ta ce, "Alhamdulillahi. Allah Ya kai ladan kabarinta. Yanzu ka nemi wuri ka zauna."